Busasshiyar allura: yadda take kwance ƙullin tsoka, yadda ake yin ta, da abin da ke ɓata aikin

Da yawa daga cikin masu zuwa wurin kine (sashen gashi da motsa jiki na asibiti) a Yamai da ciwon dokin wuya, ko kafaɗa, ko ƙugu, sai sun gama zagaye suke isowa. An yi radiyo, wato hoton ƙashi, an ce ƙashi lafiya lau. An sha diklofenak har ciki ya fara yaji. An je wurin wanzami an yi ƙaho, an samu sauƙin kwana biyu, ciwo ya dawo inda yake. In ka kwantar da irin wannan mutum ka bi tsokar da yatsa a hankali, sau da yawa za ka tarar da wani zare mai tauri cikin naman, a jikin zaren kuma akwai wuri guda, bai fi ƙwayar wake ba, wanda da ka danna sai ya ce, “Nan ne!” Wannan ƙullin ake nema da busasshiyar allura. Siririya ce, ba ta da rami a ciki, ba a ɗura magani ta cikinta, ba a kuma zuƙo jini. Ƙarfen kawai ke shiga ya taɓa ƙullin ya fito.

Aikin ma'aikacin lafiya ne wanda ya san inda huhu ya tsaya da inda manyan jijiyoyi suka bi, ya kuma koyi sokar a hannun wanda ya iya. Ba abin da za a kalla a bidiyon waya a gwada wa ɗan'uwa a gida ba ne. Allurar kuma ba ta warkarwa ita kaɗai. Abin da take yi shi ne ta ba tsoka ƴan kwanaki na sassauci, abin da aka yi da kwanakin nan shi ke nuna ko an warke ko za a dawo.

Asalinta daga allurar magani ne. Janet Travell, likitar tsohon shugaban Amurka John Kennedy, ta shekara da shekaru tana ɗura maganin kashe zafi cikin irin waɗannan ƙulle-ƙulle, ita da David Simons suka zana taswirar inda kowace tsoka ke aika ciwonta. A 1979 wani likita a Prag, Karel Lewit, ya nuna cewa sukar ita kanta tana rage ciwo ko babu digon magani, muddin an samu ainihin wurin. A 1994 Chang-Zern Hong ya gwada biyun gefe da gefe, ya ga sauƙin yana zuwa ne idan tsokar ta zabura lokacin sukar, sai dai wanda aka yi wa busasshiya ya fi jin tsami daga baya. Allurar iri ɗaya ce da ta Sinawa, amma tunanin ya bambanta. Su suna bin wuraren da likitancinsu na gargajiya ya tsara, nan kuwa yatsa ne ke nemo ƙulli a tsoka takamaimai.

Abin da ke faruwa cikin naman

Tsoka tarin zaruruwa ce, kowane zare kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Jijiyar da ke ba ta umarni tana sauka kan kowane zare a wuri guda, galibi wajen tsakiyarsa, ta saki wani sinadari mai suna asetilkolin. Shi ke sa kalsiyom ya fito daga ma'ajiyarsa, zaren ya takure. Kafin ya saki sai an kwashe kalsiyom ɗin an mayar da shi, kwashewar nan kuwa ƙarfi take ci, ƙarfin da ke zuwa da jini da oksijen. Sakin tsoka ma aiki ne mai cin guzuri.

Bayanin da ya fi karɓuwa, wanda Simons ya tsara, shi ne idan tsoka ta daɗe tana aiki iri ɗaya ba hutu, mahaɗar jijiyar takan riƙa ɗigar da asetilkolin fiye da kima. Ɗan yankin zaren da ke ƙarƙashinta sai ya dunƙule ya ƙi saki. Dunƙulewar ta matse ƙananan hanyoyin jini, oksijen ya ragu, ƙarfin mayar da kalsiyom ya yi ƙaranci, ƙullin ya ƙara ɗaurewa. Kamar igiyar guga ce da ta ƙulle a tsakiya: wurin ƙullin ya yi kauri, sauran igiyar ta gajarce ta ɗame. Ɗamewar nan ita ce zaren mai tauri da yatsa ke ji.

A 2005 Jay Shah da abokan aikinsa a Amurka suka zuƙo ruwan da ke cikin irin wannan ƙulli a tsokar saman kafaɗa. Sun tarar ya fi na lafiyayyar tsoka tsami, kuma cike yake da sinadaran da ke tsokano jijiyoyin jin zafi, irin su bradikinin. Bayan tsokar ta zabura, wasu daga cikin sinadaran suka ragu. Saƙon zafin da ke fitowa daga wurin dare da rana yana shiga laka (babbar jijiyar da ke cikin ƙashin baya), laka kuma in ta gaji da shi sai ta fara ruɗa inda ya fito. Shi ya sa ƙulli a saman kafaɗa kan kawo ciwon kai ta bayan kunne zuwa gefen goshi, na bayan allon kafaɗa ya sauka gaban kafaɗa da damtse, na ƙaramar tsokar gefen ɗuwawu ya bi ƙafa har idon sawu, har a ɗauka jijiya ce ta maƙale a ƙashin baya. Na can cikin sha-raɓa kuwa diddige yake aika wa ciwo.

Allurar da kaurinta ya kai milimita 0.25 zuwa 0.30 ta ninka zaren tsoka sau da yawa. In ta ratsa ƙullin tana yaga ƴan zaruruwan da suka dunƙule tare da mahaɗar da ke ɗigar. Ƙaramin rauni ne da gangan. A wani gwaji da aka yi kan ɓeraye a Sipaniya a 2013, jijiyar ta sake haɗuwa cikin kwana 3, naman kuma ya kusa gama gyaruwa cikin mako guda. Sukar tana kuma tayar da zaburar nan, wadda laka ke bayar da umarninta ba da sanin mutum ba, jini ya ƙaru a wurin, ƙwaƙwalwa da laka su saki nasu sinadaran dushe zafi.

Masu bincike ba su haɗu kan wannan bayani duka ba. Akwai masu cewa ma'aikata biyu kan laluba tsoka ɗaya su nuna wurare dabam, akwai masu ganin zaburar ba dole ba ce. Abin da gwaje-gwaje suka fi tsayawa a kai shi ne allurar tana rage ciwo ta ƙara motsi na ɗan lokaci, daga ranar zuwa wajen mako 12, ta fi zama ba magani, amma ba ta yi wa sauran dabarun kine fintinƙau ba. Duk wanda ya ce maka tana maganin shanyewar ɓarin jiki ko zaizayar gwiwa, kuɗinka yake so.

Wanda ya dace da wanda bai dace ba

Masu amfana su ne waɗanda aikinsu ke ɗaure tsoka ɗaya awa da awanni. Tela da ya sunkuya kan keke, ɗan kabu-kabu da ke riƙe da kan babur a hanya mai gargada, ɗan ga-ruwa mai tura baro, matar da ke daka da ɗaukar tulu, mai dashen albasa a Galmi da ke wuni a duƙe, ma'aikacin ofis da kwamfutarsa ta yi ƙasa da ido. Sai ƴan kokowa da ƴan ƙwallo, musamman a cinya da sha-raɓa.

Kafin a buɗe allura sai an tabbatar ciwon na tsoka ne, a nan ƙasar kuma tantancewar ta fi sokar wuya. Tsoka mai tauri da zafi, ga masassara, ga wurin ya ɗumama, tana iya zama mugunya ce ta taru can ciki, abin da aka saba gani a ƙasashen zafi, musamman a cinya da ɗuwawu, wani lokaci bayan allurar kinin. Soka irin wannan yaɗa ƙwayar cuta ne. Ciwon baya mai hana barci tare da rama da zufar dare, a fara tunanin tarin fuka na ƙashin baya. Sha-raɓa guda da ta kumbura ta yi zafi, ga mai jego ko wanda ya wuni a zaune cikin bas daga Agadas ko Tawa, a ɗauka jini ne ya daskare a jijiya har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ba suka, ba tausa. Ciwon kafaɗar hagu mai zuwa da tafiya ko hawan bene tare da nauyin ƙirji na likitan zuciya ne. Ciwon ƙugu da fitsari ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, na sashen gaggawa ne a ranar. Mai emasi (sikila) da ciwonsa ya tashi, ƙarin ruwa da maganin zafi yake bukata a asibiti. Da damina kuma, ciwon jiki gaba ɗaya, a fara da gwajin zazzaɓin cizon sauro.

Ba a soka fatar da ke da maruru, ƙurji ko miki, ko hannun da ya kumbura bayan aikin cire nono. Mai shan maganin tsinka jini sai da izinin likitansa, kuma a guji tsokoki masu zurfi inda ba a iya danne jini. Mai ciki a bar ta a watanni 3 na farko, bayan haka ma a nisanci ciki da ƙugu. Mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta fara mutuwa, kada a soki ƙasan gwiwarsa. Wanda ke tsoron allura sosai kada a lallashe shi, a danne ƙullin da yatsa, shi ma yana aiki. Kuma a yi tambaya kai tsaye, cikin ladabi: “Malam, kana shan tramol?” Wanda ya sha ba zai ji zafin da ya kamata ya gargaɗe ku ba.

Kayan aiki

Allurai masu tsabta cikin ledarsu, kowace da ɗan bututun da ke jagorantarta, a duba kwanan wata. Tsawon ya danganta da wurin da kuma jikin mutum: milimita 25 zuwa 30 don hannu, 30 zuwa 40 don saman kafaɗa, 40 zuwa 50 don sha-raɓa da cinya, 60 zuwa 75 don ɗuwawu. Sai safar hannu, alkol mai digiri 70, auduga, da akwatin zubar da allurai wanda ba ya hujewa. Allura ɗaya, mutum ɗaya, zama ɗaya. A ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa kamar tamu, ba maganar tafasa allura a sake amfani da ita. Mai jinya yana da haƙƙin ya ce a yaga ledar a gabansa, ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan.

Yadda zaman yake tafiya

A fara da auna abin da ake son ya canja. In wuya ne, a ce ya waiga dama da hagu a ga inda ya tsaya. In kafaɗa ce, ya kai hannu bayansa a ga inda babban yatsa ya kai. Ya faɗi zafin daga 0 zuwa 10. Ba tare da wannan ba, bayan zama uku ba wanda zai iya cewa an ci gaba.

Sai a kwantar da shi. Ba a yi wa mutum wannan allura a zaune, balle a tsaye, domin suma ba ta sallama. A sa matashi inda tsokar za ta ɗan miƙe ba tare da ta ɗame ba. Ga mace, a buɗe wurin da za a yi aiki kawai, a rufe sauran da zane, in ta fi son mace ta yi mata a nemo.

Lalube ana yin shi ne a gicciye, yatsa ya ƙetare zaruruwan tsokar, kada ya bi tsawonsu. Da an ji zaren mai tauri sai a bi shi har wurin da ya fi zafi, a danne daƙiƙa 5 zuwa 10, a tambaya: “Hajiya, wannan shi ne ciwon da ya kawo ki, ko wani ne dabam?” Tambayar nan ita ce rabin aikin. Kowa yana da wuraren da ke zafi in an danna. Wanda ake so shi ne wanda ya tayar da ciwon da mai shi ya sani, har ya ce ga shi nan ya hau kai ko ya sauka hannu.

A goge fata da alkol a bari ta bushe. Yatsu biyu na hannu ɗaya su tsare ƙullin, ɗaya kowane gefe, ko a tsunkulo tsokar a ɗago ta idan irin mai ɗaguwa ce. Wannan hannun ba ya barin wurin har a gama. A ɗora bututun, a ƙwanƙwasa kan allurar sau ɗaya da sauri ta huda fata, a zare bututun. Daga nan a riƙe ta ta mariƙinta kawai, kada yatsa ya taɓa jikin da zai shiga nama, kuma kada a nutsar da ita har gindi, a bar wajen santimita ɗaya a waje, don in za ta karye a mahaɗar mariƙin da jikinta take karyewa.

Salon da ya fi yaɗuwa shi ne na Hong: a tura allurar cikin ƙullin, a jawo ta zuwa ƙarƙashin fata ba tare da ta fito ba, a ɗan karkata, a sake turawa, kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Ba a karkata ta tana can ciki, lanƙwashewa za ta yi ta yaga nama. Hannu yana jin bambanci: lafiyayyar tsoka laushi gare ta, ƙulli yana da danƙo da ɗan turjiya, ƙashi kuwa tsayawa ce cak. Idan aka dace sai tsokar ta harba, wato zaburar nan, a gani da ido, mai jinya ya ji kamar an naɗe masa jijiya na ƙiftawar ido. A gaya masa tun kafin a fara, don kada ya firgita ya motsa. Akan ci gaba daƙiƙa 20 zuwa 40, ko har harbawar ta yi sanyi. Ba dole ba ne a bi ta har ta ƙare ƙaf. Harbawa biyu ko uku sun isa a zaman farko, domin yawan sukar shi ke ƙara tsamin gobe. A tsoka biyu ko uku za a tsaya ranar.

Ga tsoho, ko mai rauni, ko wurin da ke da haɗari, akwai salo mai taushi na Peter Baldry na Ingila: a shigar da allurar milimita 5 zuwa 10 kawai a saman ƙullin, a bar ta daƙiƙa 30, a cire a sake dannawa a ji ko zafin ya ragu. Wasu kuma sukan bar allurai minti 10 zuwa 20, wani lokaci da ɗan lantarki mai bugu 2 zuwa 4 a daƙiƙa.

Da an zare allura a danne wurin da auduga daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, mai shan asfirin minti 3 ko fiye. A ƙirga allurai: yawan da aka buɗe shi ne yawan da zai shiga akwati. Sai a sake awon farko nan take.

Inda ake kuskure

Huhu shi ne babban abin tsoro. Kansa yana hawa santimita 2 zuwa 3 sama da ƙashin nan da ya gicciya daga ƙasan wuya zuwa kafaɗa, ga siririn mutum kuma tsakanin fatar baya da huhu babu nisa. Tsokar saman kafaɗa, wadda ita aka fi soka, dole a tsunkulo ta a ɗago ta sama, allurar ta bi daga baya zuwa gaba ko daga gaba zuwa baya tana nufin yatsan ma'aikaci, kada ta taɓa kallon ƙasa. Tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya, a nemo haƙarƙari guda, a sa yatsa a ramin samansa da na ƙasansa, a soka gajeriyar allura a kwance tana nufin ƙashin. In mutum mai jiki ne har ba a jin haƙarƙarin, a haƙura da sukar mai zurfi. A bayan allon kafaɗa ƙashin ne katanga, amma sai an zagaye gefunansa da yatsa an tabbatar ana kansa.

Idan aka huda, iska kan shiga tsakanin huhu da bangon ƙirji, huhun ya takure. Alamun ba lallai su zo nan take ba, suna iya jira awanni: numfashi ya yi gajere, ƙirji ya soka in an ja iska, busasshen tari ya taso. Duk wanda aka soka a wuya, kafaɗa ko baya a gaya masa wannan kafin ya fita. In ya ji haka kada ya kwanta ya ce gajiya ce, ya nufi sashen gaggawa na Babban Asibitin Ƙasa ko na Lamorde, ya faɗi abin da aka yi masa, a yi radiyon ƙirji.

A ƙugu, tsokar da ke tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin kwankwaso tana maƙwabtaka da ƙoda. A kwantar da mutum a gefe, a yi sukar ƙasa-ƙasa kusa da kwankwaso, allurar ta nufi ƙashin baya, ba sama ba, ba kuma gaba ba. A ɗuwawu babbar jijiyar ƙafa ce ke wucewa, wadda muka sha ganin allurar kinin ta lalata wa yara. Taɓa jijiya ba ya kama da harbawar tsoka: zafi ne mai kaifi kamar lantarki, yana gudu har yatsu. Da an ji haka a jawo allura a canja hanya. A sha-raɓa a kauce wa tsakiya da bayan gwiwa, inda manyan hanyoyin jini suke.

Ƙananan matsaloli su ne na kullum. A wani bincike da aka yi a Ayalan a 2014 kan zama fiye da 7,000, kusan ɗaya cikin biyar ya zo da ƙaramar matsala, galibi kwanciyar jini ƙarƙashin fata, ɗigon jini ko zafi, ba a samu babba ko ɗaya ba. A wurinmu sai a ƙara da suma. A Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, mutum ya zo a ƙasa bai karya ba, ga tsoro. Da ka ga zufa ta karyo masa, fuska ta canja, ya ce yana jin juwa, zare allurar, ɗaga ƙafafunsa, a yi masa fifita. Da azumi a mayar da zaman bayan shan ruwa. Wani lokaci kuma tsoka kan damƙe allura ta ƙi fita, musamman in an yi ta murza ta gefe ɗaya. Kada a fizga. A jira minti ɗaya, a murza ta baya, a ɗan shafa gefen, za ta saki.

Kuskuren da ya fi yawa ba ya kai kowa asibiti: soka inda ciwo yake a bar inda ya fito. Mai ciwon gaban kafaɗa a yi ta sukar gaban, alhali ƙullin yana bayan allo.

Bayan an tashi

Wurin zai yi tsami irin na wanda ya yi aikin ƙarfi bayan dogon hutu. Yakan fara cikin awanni, ya kwana ɗaya ko biyu, a sha-raɓa ya kai uku har mutum ya ɗan ɗingisa. A faɗa masa, in ba haka ba zai ce an ƙara masa ciwo ya ƙi dawowa. Tsumma mai ɗumi minti 10 zuwa 15 yana taimakawa, haka tafiya a hankali. Kwanciya wuni guda tana ƙara tsamin. Ja, kumburi mai ƙaruwa ko masassara ba tsami ba ne, a dawo a nuna. Ɗan kokowa ko ɗan ƙwallo kada a soke shi saura kwana 2 ko 3 wasa, balle in bai taɓa yi ba. Tsoka mai tsami ba ta bayar da ƙarfinta duka.

Tun a ranar ake fara miƙa tsokar, a riƙe daƙiƙa 30, sau 3, safe da rana da dare. A ja har a ji ta, kada a kai ga zafi. Don saman kafaɗa: a zauna, hannun gefen ciwo ya kama ƙasan kujera, a kai kunne zuwa ɗaya kafaɗar. Don sha-raɓa: a dafa bango, ƙafar ciwo a baya, diddige a ƙasa, sau ɗaya gwiwa a miƙe, sau ɗaya a ɗan lanƙwashe, domin tsokoki biyu ne a wurin. Ana iya haɗa wannan da lokutan salla don kada a manta.

Daga kwana na 2 ko na 3 sai ƙarfafawa, kuma nan ne mutane suka fi sakaci, don ciwo ya yi sauƙi. Tsokar da ta ƙulle galibi mai rauni ce da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta, in ba ta ƙara ƙarfi ba za ta sake ƙullewa. Mai sha-raɓa ya riƙa ɗagawa kan yatsun ƙafa yana saukowa a hankali cikin daƙiƙa 3, sau 10 zuwa 15, zagaye 3. Mai ɗuwawu ya kwanta a gefe ya ɗaga ƙafar sama a miƙe, ɗan baya kaɗan. Mai wuya da kafaɗa ya ɗaura roba a ƙofa ya riƙa ja yana haɗe allunan kafaɗa. In adadin ya zama wasa a ƙara nauyi, ko da gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi ce. Ana yi kwana ɗaya a huta ɗaya, mako 6 zuwa 8, ko da ciwon ya tafi tun makon farko.

Sai a koma kan aikin da ya jawo. Tela ya ɗaga kujera ko teburin keke har gwiwar hannu ta sauka daidai, ya miƙe tsaye duk bayan minti 30 zuwa 40. Ɗan kabu-kabu ya sassauta riƙon, ya sauke kafaɗu duk lokacin da ya tsaya jiran fasinja. Mai ɗaukar ruwa ta raba kaya gida biyu ko ta riƙa canja hannu. Mai ofis ya sa littattafai ƙarƙashin kwamfuta har saman allon ya zo daidai ido. Barci ma yana ciki, wanda ba ya samunsa jikinsa ya fi jin zafi.

Ba a sake sukar tsoka ɗaya sai tsamin ya wuce, aƙalla kwana 3, an fi son mako guda. Sabon ciwo kan amsa a zama 1 zuwa 3, tsohon da ya shekara kan kai 4 zuwa 6. In an yi zama uku awon bai motsa ba, wuya bai ƙara waigawa ba, lambar zafi tana nan, a ajiye allura a sake binciken daga farko: ko ba tsokar ba ce, ko gaɓa ce, ko jijiya ce ta maƙale, ko akwai ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo da ke hana tsoka saki. A rubuta wa likita takarda da abin da aka gani da tsokokin da aka soka, mai jinya ya tafi da ita.